Shatin Yatsa a Jikin Garkuwa

Ranar Litinin da hantsi aka bugo waya ofishin 'yan sanda daga masana'antar da ke haɗa rediyoyin sadarwa, aka ce an fasa musu sito a ƙarshen mako. Sufeto ya ajiye kofin shayinsa, ya ɗauki hula, ya ƙwala wa Saje kira ya fito da mota.

Sufeto ya doshi shekara hamsin, kuma a ofishin an san shi da abu ɗaya: ƙara ba ta kwana a teburinsa. Yana jin daɗin wannan suna, har yakan faɗa wa ƙananan ma'aikata cewa shi da ganin fuskar mutum ya gama rabin bincike.

Manajan masana'antar ne ya tare su a bakin ƙofa, yana ta share gumi, ya ja su zuwa wani ɗaki a ƙarshen dogon baranda. Ɗakin tsaf yake, babu ko ƙura. Kantoci jere har rufi, kwalaye a kai, a kusurwa kuma wata na'ura tana gurnani tana tsotse danshin iska. Kanta ɗaya ce kawai wayam.

"Me aka ɗauka?" in ji Sufeto.

"Garkuwa, yallaɓai. Duk wadda ta iso mana a watan nan."

"Garkuwa kuma?"

Wata mata mai farar riga, wadda kowa ke kira Injiniya, ita ke duba ingancin kaya, ta sa safar hannu ta ɗauko wani ɗan murfin ƙarfe daga wani kwali. Bai kai gidan ashana girma ba, fari ƙal, da 'yan ƙananan ƙafafu a gefe.

"Wannan ita ce," ta ce. "Kifa ta ake yi a kan allon lantarki na cikin rediyo, a liƙe da dalma. Ita ke hana wasu igiyoyin sadarwa shiga su dama magana. In babu ita, sai ka ji ƙara kawai. Rediyoyin nan kuwa na motocin ɗaukar marasa lafiya ne, ƙarshen wata ya kamata mu miƙa su."

Sufeto ya kai hannu zai karɓa, sai wata murya ta ce daga bayansa, "Yallaɓai, a yi haƙuri, ba a taɓa ta da hannu tsirara."

Ya waiga. Wani dattijo ne a tsaye jikin bango, farin gemu, farar riga a goge, hannayensa biyu cikin safa. Manaja ya ce wannan shi ne Baba Sito, tun aka kafa masana'antar makullan ɗakin suke hannunsa, ko allura ba ta taɓa ɓata ba.

"Kai ka rufe ranar Asabar, Baba?"

"Ni na rufe."

"Kai ka fara zuwa yau?"

"Ni ne. Na tarar da kwado a ƙasa, an yanke shi."

Saje ya tsugunna ya ɗauki kwadon da hankici ya jefa a leda.

"Ban da kai, wa ke shiga nan?"

Manaja ya riga dattijon amsawa: "Direbanmu yana shiga ɗaukar kaya. Gaskiya, yallaɓai, tun farko hankalina bai kwanta da ɗaukarsa ba. Ya taɓa zaman gidan yari a kan sata. Baba ne ya tsaya masa."

"Yaron ba shi da matsala," in ji Baba Sito, murya ƙasa-ƙasa, idonsa a kan takalmansa.

Maigadin da aka kira ya ce shi bai ga kowa ba ranar Lahadi, amma akwai abin da ya daɗe yana lura da shi. Kullum da sassafe, kafin sauran ma'aikata su iso, Direba yakan shige sito ya daɗe, ba tare da an aike shi ɗaukar komai ba. Yau kuma ga shi bai zo aiki ba.

Sufeto ya dubi Saje, ya ɗan yi murmushi. A ransa ya riga ya rufe fayil.

Gidan Direba ɗaki biyu ne a cikin gidan haya mai mutane da yawa. Sun same shi a tsakar gida ya shimfiɗa sabuwar tabarma, yana durƙushe yana zuba wa wani tsoho ruwan wanke hannu. Yara biyu sun sha wanka suna zaune a gefe. Matarsa tana fitowa daga kicin da kwano a hannu ta gan su, ta tsaya cak.

"Kai ne direban masana'anta?"

"Ni ne, yallaɓai."

"Tashi mu je."

Saje ya ciro ankwa. Matar ta ajiye kwanon ta matso kusa da Sufeto, ta rage murya yadda shi kaɗai zai ji.

"Yallaɓai, don Allah ko a waje ne ku sa masa. Wancan babana ne. Tun da aka ɗaure mijina bai ƙara tako gidanmu ba sai yau."

Sufeto ya ji ta sarai. Amma maƙwabta sun fara leƙowa, kuma bai so a ga mace ta juya shi a bakin aikinsa.

"Saje, sa masa."

Ƙarar ankwar ta fito fili a tsakar gidan. Tsohon ya yarfe ruwan hannunsa, ya jawo takalmansa ya saka, ya shige ɗaki ya saki labule.

A ofis Direba ya zauna a kan benci, kansa a ƙasa. Mutum ne siriri, mai sanyin magana.

"Ina kayan?"

"Ban ɗauka ba, yallaɓai."

"Me kake shiga yi sito kullum da sassafe?"

"Ba na shiga sai an aike ni."

"Maigadi ƙarya yake yi ke nan?"

"Gaisuwa nake shiga yi wa Baba."

"Gaisuwa ce har da rufe ƙofa? Wace irin gaisuwa ce wannan, ta neman aure?"

Saje ya yi dariya. Direba bai yi ba.

"To wa ya ɗauka, in ba kai ba?"

Nan ne Sufeto ya ga wani abu ya gifta a fuskar mutumin, kamar wanda aka taka wa ciwo. Amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Ban sani ba." Daga nan ko da aka juya shi ta kowace fuska, bai ƙara komai ba. Aka mayar da shi sel.

Washegari da safe Saje ya shigo da ledar kwadon, yana sosa ƙeya.

"Yallaɓai, wani abu ne ya ɗaure mini kai. Dubi inda zarton ya ci."

Sufeto ya karɓa ya juya shi a hasken taga. An yanke lanƙwasasshen ƙarfen kwadon ne can ƙasa, kusa da ƙarshensa. Ya gwada mayar da guntun cikin raminsa. Wurin da aka yanke ya nutse ciki gaba ɗaya, ya ɓace.

"In kwadon a kulle yake, zarto ba zai kai nan ba," ya ce a hankali.

"Abin da na gani ke nan, yallaɓai."

"A buɗe yake aka yanke shi."

Direba ba shi da makulli. Sufeto ya san wannan tun jiya, Manaja da bakinsa ya faɗa. Ya ajiye kwadon, ya ce wa kansa ai ana iya satar makulli. Ya ɗauki hula suka fita.

Bai koma cikin masana'antar ba. Ya zagaya bayanta inda ake tara shara, ya tambayi masu aikin wurin wa ke kwashe tsofaffin kwalaye. Suka ce wata mata ce mai sana'ar sayen kwali, kowace Juma'a take zuwa da amalanke.

Sun same ta a wani fili da ta kewaye da kwano, kwalaye tsibi-tsibi sun fi ta tsawo. Da ganin kaki ta fara rantsuwa cewa ita ba ta sayen kayan sata.

"Ba kama ki muka zo yi ba, Mama. Na masana'antar rediyo muke so mu gani."

Ta nuna musu wani ɗauri da ba ta kai ga kwancewa ba. Saje ya yanke igiyar. Can a tsakiya suka ci karo da kwalaye sabbi fil, an ninke su tsaf, lambar da ke jikinsu ita ce wadda Injiniya ta rubuta musu jiya. A tsakankaninsu ga ledoji masu kauri an tsaga bakinsu da reza, da 'yan ƙunshe-ƙunshen tsakuwa masu shan danshi, sun jiƙe sun kumbura.

"Yaushe kika kwaso waɗannan?"

"Juma'a mana. Ni ba na zuwa wata rana."

"Kin tabbata ba jiya ba?"

"Haba ɗan nan, jiya ina asibiti da ƙafar nan. Tambayi kowa."

An ce ranar Asabar da yamma kayan suna kan kanta aka kulle. Ga kwalayensu kuwa sun baro masana'antar tun Juma'a, babu komai a ciki.

Saje yana girgiza wani kwali sai wani abu ya faɗo ƙasa da 'yar ƙara. Garkuwa ce guda ɗaya da ta maƙale a ninki. Sai dai ba fara ba ce kamar wadda suka gani. Ta dushe, ta yi dabbare-dabbare, kuma a tsakiyar bayanta ga shatin babban yatsa raɗau, baƙi-baƙi, kamar an buga shi da tawada.

Injiniya ta ɗora ta ƙarƙashin gilashin ƙara girma a ɗakin gwajinta, ta daɗe tana kallo.

"Gumin hannu ne," ta ce. "Ruwan kuza ne aka shafa wa ƙarfen, siriri ƙwarai. Gishirin gumi yana cin sa. In aka taɓa, aka kuma bar ta a buɗe cikin damina irin wannan, bayan kwanaki sai shatin ya fito. Ba ya goguwa. Dalma kuma ba za ta ƙara kama ta ba. Wannan ta tashi aiki."

"Kwanaki kamar nawa?"

"Ya haura mako, yadda ta yi duhun nan."

"Lokacin Direba yana ina?"

Ta ɗan yi tunani. "Ba ya gari. An tura shi ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa, kusan mako guda ya yi. Yana can ma waɗannan suka iso."

Sufeto ya sunkuya ya leƙa gilashin. Layukan yatsan sun fito kamar kunyoyin gona, kuma wani siririn layi ya ratsa su a karkace daga sama zuwa ƙasa. Tabon tsohon yanka ne.

"Me zai sa mutum ya tsaga leda ya taɓa su?"

"Ni ma abin da nake tambayar kaina ke nan. Babu dalili. Iri biyu muke amfani da su, suna kama da juna sosai, bambancinsu wata 'yar tsaga ce a gefe. Amma lambar kowacce tana rubuce a takardar da ke manne a ledar. Karantawa kawai za ka yi." Ta nuna masa takardar. Rubutun ƙanana ne, kamar tururuwa.

"Baba Sito fa?"

Ta yi dariya. "Baba? Ai shi ne ya taɓa korar Manaja daga sito don ya shigo ba safa. Ni kaina a wurinsa na koyi yadda ake jera su a faranti, ba a ɗora wata kan wata don kada su lanƙwashe."

Da Sufeto ya koma ofis ya sa aka fito da Direba. Ya ce ya buɗe hannayensa. Yatsun duk lafiya, babu tabo ko ɗaya.

Sufeto ya sallami Saje, ya jawo kujera ya zauna suna fuskantar juna.

"Karatu kake shiga yi wa Baba Sito da safe, ko ba haka ba?"

Direba ya ɗago kai a karo na farko.

"Lambobin kake karanta masa. Idonsa ne."

Ya ce, "Lokacin da na fito daga gidan yari, ko 'yan uwana ba sa amsa sallamata. Shi ya kama hannuna ya kai ni gaban Manaja ya ce in na ɗauki ko tsinke a kore mu tare. Da wane baki zan kira sunansa, yallaɓai?"

"Da an kai ka kotu fa?"

"Na ɗauka zai zo ya faɗa da kansa. Duk wanda ya taɓa ƙofar sel sai in ce shi ne."

Sufeto ya miƙe ya je bakin taga ya tsaya, ya ba shi baya, don bai iya haɗa ido da shi ba. Shekarun da ya yi yana aiki bai taɓa jin kakinsa ya yi masa nauyi irin na wannan lokacin ba.

"Za a sake ka yanzu," ya ce. "Ni da kaina zan je gidanka in yi wa surukinka bayani, a gaban mutanen da suka ga an tafi da kai."

"Kada ka wahalar da kanka, yallaɓai. Maƙwabcina ne ya kawo mini abinci ɗazu. Ya ce tsohon ya kama hanya tun da safe, ya tafi da 'yarsa da yaran."

Babu zafi a muryarsa, kuma wannan ya fi ci wa Sufeto rai. Ya ɗauki hularsa.

"Zo mu je tare."

Da la'asar suka isa masana'antar. Baba Sito yana cikin ɗakinsa yana goge kantar da ta zama wayam. Manaja da Injiniya suka biyo su. Direba ya tsaya daga bakin ƙofa, bai shiga ba, bai yi sallama ba. Dattijon ya juyo ya dubi wajen ƙofar, idonsa ya wuce ta kan Direba kamar babu kowa a wurin.

"Sannu da aiki, Baba," in ji Sufeto. "Mun samo kwali ɗaya daga cikin waɗanda suka ɓata. Ina so ka tabbatar mini da lambar."

Ya sa hannu ya sauko da wani kwali daga kanta, na wasu kaya daban, ya miƙa masa. Dattijon ya karɓa, ya kai shi kusa da fuska, ya murtuke kamar mai karatu, sannan ya jero lambar garkuwar da ta ɓata daga farko har ƙarshe, bai yi tuntuɓe ba.

Injiniya ta dafe baki. Manaja ya matso ya dubi kwalin, ya dubi dattijon.

"Baba, wannan ai kwalin wayoyi ne."



"Cire safar, Baba," in ji Sufeto. Ya yi mamakin yadda muryarsa ta fito a raunane.

Dattijon ya ajiye kwalin a hankali, a daidai inda aka ɗauko shi. Ya zare safar hagu, ya zare ta dama, ya ninke su. Yatsunsa sun yi baƙi ƙirin har cikin farce, fatar ta tsattsage, suna warin man goge ƙarfe. A kan babban yatsan dama ga tabo a karkace.

Ya lalubi kujera ya zauna.

"Shekara biyu ke nan abin yana cina," ya ce. "Da farko kamar hayaƙi, yanzu tsakiyar komai ba na gani, sai gefe-gefe. Ɗakin nan na san shi kamar tafin hannuna, shi ya sa ba wanda ya gane. Lambobi ne kawai suka gagare ni, yaron nan yake karanta mini kowace safiya in haddace."

"Me ya hana ka faɗa?" in ji Injiniya. Idonta ya kawo ruwa.

"'Yata, in ce me? In ce mai sito ba ya gani? Ni da ake turo sabbin ma'aikata wurina su koyi aiki? Kullum sai in ce bari wannan watan ya wuce."

Ya goge fuska da bayan hannu ya ci gaba.

"Sai aka tura shi tafiya, kaya suka iso, iri biyu a haɗe. Aka ce in ware su. Na riƙe leda na juya na juya, ban ga komai ba. Na san in na shafa gefen zan ji tsagar. Cikin safa ba na ji. Sai na rufe ƙofa na cire." Ya dubi hannayensa kamar na wani ne. "Kowace leda sai da na tsaga ta, na shiga da hannu. Ni da na yi shekaru ina hana mutane. Na ce taɓawa ɗaya ba za ta yi komai ba. Ledojin kuma ban iya mayar da su yadda suke ba."

"Yaushe ka gane sun lalace?"

"Ni ban gani ba. Shi ne da ya dawo ya gani, ya ce Baba mu je mu faɗa wa Injiniya. Na roƙe shi ya ba ni kwana biyu. Na riƙa ɗibar su a jakata ina tafiya da su gida, maigadi ba ya caje ni. Na sayi man goge ƙarfe, na zauna ina gogewa ɗaya bayan ɗaya. Matata ce ta ce, malam, abin nan fa ƙara baƙi yake yi. Suna nan a ƙarƙashin gado, ko ɗaya ban sayar ba."

"Kwadon fa?"

"Litinin za a zo ɗauka. Ranar Asabar da kowa ya watse na ɗauko zarto. Na ce in aka ce ɓarayi ne daga waje, ba wanda zai shiga uku."

"Amma an kama mutum a gabanka, Baba. Sunansa aka kira kana tsaye."

Dattijon ya sunkuyar da kai har gemunsa ya taɓa ƙirji.

"Jiya na zo har bakin ofishinku. Na tsaya a tsallaken titi, na kasa tsallakawa. Na ce gobe. Yau ma na ce gobe." Muryarsa ta karye. "Yallaɓai, ku sake shi, don Allah. Yaron nan ko ruwan sito bai taɓa sha ba sai ya tambaya. Yana da iyali."

Kalmar iyali ta faɗo a kan Sufeto shi ma, ba a kan dattijon kaɗai ba.

"An sake ni, Baba," in ji Direba daga bakin ƙofa.

Dattijon ya zabura, ya juya kai yana neman inda muryar ta fito. Da ya gane tun ɗazu yaron yana tsaye yana ji, sai ya ɗaga baƙaƙen hannayen nan ya rufe fuskarsa da su, kafaɗunsa suna rawa. Bai nemi gafara ba. Ko sunan yaron bai iya kira ba.

Manaja ya fara magana a kan asara da kwangila, Injiniya ta dube shi sau ɗaya, ya yi shiru.

Sufeto ya bari har dattijon ya lafa, sannan ya faɗa masa abin da ake tuhumarsa da shi: kai rahoton ƙarya, fitar da kayan masana'anta ba izini, da yin shiru har aka tsare wanda bai ji ba bai gani ba. Ya ce Saje zai bi ta gidansa a ɗauko kayan.

"Ku yi sallama kafin ku shiga," in ji dattijon. "Tsohuwar tana da hawan jini."

"Za a yi, Baba."

Ya miƙe ya kwance tarin makullai daga ɗamararsa, ya miƙa su gefen da yake zaton Injiniya take. Ta matso ta karɓa da hannu biyu. Ya cire farar rigar aikin, ya rataye ta a ƙusarta ba tare da ya laluba ba, ya fito.

Labari ya riga ya zaga. Ma'aikata sun bar teburansu sun tsaya jere a baranda, da yawansu shi ya koya musu aiki. Da ya nufo su sai kowa ya kawar da kai, wasu suka shiga duban ƙasa, wata ta juya ta fuskanci bango. Shi kuwa yana tafe a tsakiya, hannayensa a ɓoye cikin aljihu, yana gaishe su ɗaya-ɗaya da ka, bai san ba mai kallonsa.

A ƙarshen barandar hasken rana ya dake shi a fuska. Ya tsaya, ya miƙa ƙafa gaba yana laluben ƙasa. Sufeto ya kai hannu zai kama shi.

"Akwai matakala, Baba," in ji Direba daga can baya, ba tare da ya matso ba. "Sauka a hankali."

Dattijon ya sauka. Saje ya buɗe masa ƙofar baya ya shiga.

Sufeto ya waiwayo ya ce wa Direba ya zo su rage masa hanya. Direba ya girgiza kai ya ce zai taka da ƙafa, tasha zai nufa, ko zai samu motar garin surukinsa kafin duhu.

"In ka isa, ka ba shi lambata," in ji Sufeto. "Ko ka kira ni ka miƙa masa wayar. Zan faɗa masa laifina ne."

Direba ya dube shi na ɗan lokaci, ya ce, "To, yallaɓai," ya juya ya fita ta ƙaramar ƙofa.

Sufeto bai zauna a gaba ba kamar yadda ya saba. Ya zagaya ya shiga baya, kusa da dattijon, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Saje ya tayar da mota, maigadi ya buɗe ƙofa kansa a sunkuye. Suka kama hanyar ofis.